Tarihin Marigayi Pierre Bézier, Injiniyan Da Ya Mai Da Siffar Mota Lissafi

Duk wanda ya taɓa zana lanƙwasasshen layi a kwamfuta, ya kama wani ɗan ɗigo ya ja shi har layin ya tanƙwaru yadda yake so, to, ya ci moriyar aikin wani Bafaranshe mai suna Pierre Bézier, wanda ake faɗin sunansa Piya Beziye. Ba a jami'a wannan mutum ya yi yawancin rayuwarsa ba. A masana'antar ƙera motoci ya yi ta, cikin ƙarar injuna, kuma a can ne ya gano matsalar da ta sa sunansa ya bazu a duniya.

An haifi Bézier a birnin Faris ran 1 ga watan Satumba, 1910, a gidan da aikin injiniya ya zama gado, gama mahaifinsa da kakansa duk injiniyoyi ne. Ya sami takardar shaidar ilmin injuna a makarantar Arts et Métiers cikin 1930, sa'an nan ya ƙara da ta ilmin lantarki cikin 1931. A shekarar 1933 ya kama aiki a kamfanin motoci na Renault, inda ya shekara 42 bai sake wurin aiki ba.

Ko da yake yana riƙe da takardun shaida biyu, daga ƙasa ya fara, watau daga aikin ɗaura kayan yankan ƙarfe a jikin injuna da daidaita su. Daga nan aka mai da shi ofishin da ake zayyana kayan aikin, har ya zama shugaban ofishin cikin 1945, shekarar da gwamnatin Faransa ta karɓe kamfanin dab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin nan ana neman ƙaramar mota mai araha wadda talaka zai iya saye. Bézier ne ya tsara jerin injuna masu miƙa wa juna aiki da kansu, wannan ya huda, wancan ya goge, waɗanda suka ƙera yawancin sassan injin motar da ake kira 4CV. An yi ta ƙera wannan mota daga 1947 zuwa 1961, ita ce kuwa motar Faransa ta farko da yawanta ya wuce miliyan ɗaya. Cikin 1957 aka naɗa shi darektan sashen injunan ƙira.

Amma fa akwai wani gefe na aikin da ya daɗe yana damunsa. Sassan inji suna da sauƙin bayyanawa a takarda, domin miƙaƙƙun layuka ne da da'irori, kowanne da awonsa. Jikin mota kuwa ba haka yake ba. Rufinta da ƙofofinta da murfin injinta duk lanƙwashe-lanƙwashe ne da ba su da suna a littafin lissafi. A zamanin nan mai zane yakan zana siffar da hannu, a gina ta da yumɓu, a auna, masu zayyana su sake zana ta da girmanta na sosai, suna lanƙwasa siririyar sanda suna danne ta da gumakan dalma. Sa'an nan massaƙa su sassaƙa samfuri da katako, daga jikin samfurin kuma a kwaikwayi manyan mazuban ƙarfe da ake danna fallen ƙarfe a cikinsu. Kowane hannu aikin ya bi sai ya ɗan sauya, katako kuma yana motsi saboda zafi da laima. Idan ƙofa ta ƙi zama daidai a mazauninta, sai gardama ta tashi tsakanin sassan ma'aikata, ba kuwa wata hujja da za ta raba su. Haka watanni ke salwanta.

Daga wajen 1960, sa'ad da injunan da ake bi da su da lambobi suka fara shiga masana'antu, Bézier ya ƙudura cewa siffar jikin mota ma dole ta koma lambobi, yadda kowa zai karɓi awo ɗaya, daga mai zane har zuwa mai ƙera mazubi. Sai dai ya san abokan aikinsa sarai. Gwanaye ne na ido da hannu, ba masana lissafi ba, kuma ba za su yarda da wata dabara da za ta tilasta musu warware lissafi kafin su gyara layi ba. Saboda haka ya nemi hanyar da lissafin zai ɓuya a cikin na'ura, mai zane kuwa a bar masa abin da zai kama ya ja.

Ga yadda dabarar take. A irin layin da aka fi amfani da shi, ɗigo huɗu ake sawa. Layin yana tashi daga ɗigo na farko ya ƙare a na huɗu. Na biyu da na uku kuwa, galibi layin ba ya taɓa su, amma suna janyo shi wajensu kamar yadda linzami ke juya kan doki. Yana barin ɗigo na farko yana fuskantar na biyu, ya iso na huɗu ta fuskar na uku, kuma ba ya taɓa fita daga cikin filin da ɗigon huɗu suka kewaye. In mai zane ya ga layin ya cika gantsarewa, sai ya matso da ɗigo ɗaya kurum, na'ura ta sake zana layin duka sumul, ba tare da karaya ba. In kuwa aka jera ɗigon kamar raga, sai a sami shimfiɗa mai lanƙwasa, irin ta rufin mota.

A kan wannan tushe ya gina tsarin da ya sa wa suna UNISURF, wanda ya haɗa kwamfuta da injin zane da injin sassaƙa. An fara aiki da shi cikin 1968, kuma ya zuwa 1975 ya kankama a kamfanin. Gyaran da a dā sai an sake sassaƙa katako, ya koma sauya 'yan lambobi.

A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya. Ba Bézier ne ya fara isa ga wannan lissafi ba. Tun cikin 1959 wani saurayi masanin lissafi, Paul de Casteljau, ya gano irin wannan layi a kamfanin Citroën, abokin gasar Renault, ba tare da ɗayansu ya kwaikwayi ɗaya ba. Amma Citroën ta ɗauki aikin a kan asirin kamfani, ta hana a buga shi, alhali Bézier ya sami damar buga nasa a mujallun injiniyoyi, ya kuma bayyana shi a tarurruka. Kafin duniya ta san aikin de Casteljau, sunan Bézier ya riga ya bi layin. Cikin 1972 kuma wani malami a Ingila, Robin Forrest, ya nuna cewa tushen lissafin yana komawa ga aikin da Sergei Bernstein ya buga tun 1912 a tsohuwar daular Rasha.

Duk da haka ba a manta da de Casteljau ba, gama hanyarsa ta gano layin tana ɗauke da sunansa, kuma ɗalibi na iya jarraba ta da fensir da ma'auni. A sa ɗigo huɗu, a haɗa su bi da bi da miƙaƙƙun layuka uku. A sa alama a tsakiyar kowanne, a haɗa alamun nan uku da layi biyu. A sake sa alama a tsakiyar waɗannan, a haɗa su da layi ɗaya. Tsakiyar wannan layi na ƙarshe tana kan lanƙwasasshen layin daidai.

Dabarar Bézier tana da iyakarta. Taɓa ɗigo ɗaya yana motsa layin gaba ɗaya, kuma layin ba ya iya fitar da cikakkiyar da'ira, sai dai abin da ya yi kusa da ita ƙwarai. Don haka masana suka faɗaɗa ta zuwa irin layukan da ake kira NURBS, waɗanda ke ba da damar gyara wani yanki a bar sauran, su ne kuwa injiniyoyi ke zayyana motoci da jiragen sama da na ruwa da su a yau. Amma hanyar kama ɗigo a ja tana nan yadda ya bar ta. Bugu da ƙari, tun da kamfanin Adobe ya fito da tsarin ɗab'i na PostScript cikin 1984, da layin Bézier ake zana haruffan kwamfuta, har da ƙugiyar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ na rubutunmu na boko.

Ban da aikin masana'anta, Bézier ya koyar da ilmin ƙira a makarantar Conservatoire National des Arts et Métiers ta Faris daga 1968 zuwa 1979. Ya yi ritaya daga Renault cikin 1975, amma bai ajiye karatu ba, domin cikin 1977 ya sami digirin dakta a fannin lissafi a birnin Faris, yana da shekara fiye da 65. Cikin 1985 ƙungiyar masana zane da kwamfuta ta SIGGRAPH ta ba shi lambar girma ta Steven Coons. Ya rasu ran 25 ga watan Nuwamba, 1999, yana da shekara 89.

Akwai abin lura ga ɗalibanmu na makarantun fasaha da ma'aikatanmu a cikin wannan tarihi. Bézier bai raina ƙaramin aikin da aka fara ba shi ba, kuma a wurin nan ne ya san abin da hannun ma'aikaci ke iya ɗauka da abin da ba ya iyawa. Sa'an nan abin da ya gano bai kulle shi a aljihun tebur ba, ya rubuta shi ya koyar da shi, har waɗansu suka ɗora a kai.