Labarin Thanadelthur, Wadda Ta Sulhunta Kabilu Biyu

Ya kai mai karatu, ko a Mafara kake, ko Bakura, ko Maradun, ka san abin da gaba takan jawo: gona ba noma, hanya ba matafiya. To, kasa kunne ka ji labarin wata mace ta ƙasa mai nisa.

Can arewacin Kanada, inda tafki yakan daskare watanni saboda sanyi, akwai mutanen da ake ce da su Dene, maharba ne da masunta. Maƙwabtansu na kudu, wato Kiri, sun riga su samun bindiga wurin fataken Ingila, suka yi ta kai musu hari. A shekara ta 1713 suka kama Thanadelthur tana da ƙuruciya, suka bautar da ita. Ta gudu tare da wata mace, wadda ta mutu a hanya. Ita kuwa, cikin yunwa, ta isa York Factory, sansanin Kamfanin Hudson's Bay, a 1714.

Shugaban sansanin, James Knight, yana so ya yi ciniki da Dene, amma ba ciniki sai da salama. Saboda haka a 1715 ya aike ta tare da William Stuart da Kiri wajen 150. Yunwa da ciwo suka sa yawancinsu suka koma. Sauran suka tarar da gawawwakin waɗansu Dene da aka kashe, tsoron ramuwa ya kama su. Sa'an nan ta roƙe su su jira ta kwana goma, ta tafi ita kaɗai. Ran na goma ta komo da mutanenta wajen 160. Ta yi ta lallashi da tsawatarwa har muryarta ta dushe, aka ƙulla sulhu a 1716.

Ba ta daɗe ba bayan wannan, gama ta rasu ran 5 ga Fabrairu, 1717. Amma Dene ba su manta da ita ba. Har wa yau suna nan a ƙananan ƙauyuka irin su Tadoule Lake cikin Manitoba, a shekara ta 2000 kuma Kanada ta lasafta ta cikin manyan mutanen tarihinta.

Ka lura, ita aka zalunta, duk da haka ita ta yi tafiyar. Kadan kana da gaba da maƙwabcinka, kada ka ce sai shi ya fara zuwa. Tashi ka nufi ƙofarsa tun yau.