Ibn Haisam da Allonsa Mai Gurbin Hanci

Kafin ka ci gaba da karatu, ɗaga yatsa ɗaya saitin hancinka, sannan ka zuba wa bangon ɗakinku ido. Yatsan zai koma biyu. Dawo da kallonka kan yatsan, sai ya haɗe, abin da ke bango kuma ya rabu. Tun muna firamare a Mai'adua muke wannan wasa, ban san cewa shekara dubu da ta wuce wani malami ya zauna ya auna shi da allo da kakin zuma ba.

Sunansa Abu Ali Hasan ibn al-Haisam, Turawa suka lanƙwasa shi zuwa Alhazen. An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965. Ya yi suna a lissafi har labarinsa ya kai Alƙahira, inda al-Hakim na daular Faɗimiyya ke mulki. Masu tarihi sun ruwaito cewa ya ce zai iya shawo kan ambaliyar kogin Nilu. Sarki ya kira shi, ya haɗa shi da ma'aikata, suka nausa kudu har wajen Aswan. Da ya ga ruwan ido da ido, ya gane aikin ya fi ƙarfin kayan zamaninsa, sai ya dawo ya faɗi gaskiya. Ku 'yan sashen gine-gine masu zana tsari kafin ku je ku ga fili, ga kakanku nan. To al-Hakim ba sarkin da ake ba haƙuri ba ne. Ruwayar ta ce haukan ƙarya malamin ya yi don ya tsira da wuyansa, aka tsare shi a gida har sarkin ya ɓace a 1021.

A Misra ya rubuta Kitab al-Manazir, littafi mai juzu'i bakwai a kan haske da gani. An fi saninsa da kawo hujja cewa haske ne ke fitowa daga abubuwa ya shiga ido, saɓanin ra'ayin Baɗlimus da wasu masanan Girka da suka ce daga ido yake fita. Amma ni juzu'i na uku ya fi kama ni, inda ya tunkari wata tambaya: ido biyu gare mu, me ya sa abu ɗaya muke gani?

Bai tsaya ga musu ba. Ya sami allo mai tsawon kamu ɗaya, ya yanke masa gurbi a baki inda hanci zai zauna, ya ja layuka a kai, ya mulmula kakin zuma kala-kala ya jera. Idan ya kafa idanunsa kan kakin tsakiya, waɗanda ke gefensa a layi ɗaya sai su fito ɗaya-ɗaya, wanda ya fi kusa ko ya fi nesa kuma ya rabu biyu. Daga nan ya ce abu na fitowa ɗaya ne idan siffarsa ta faɗa gurabe masu dacewa da juna a idanun biyu, sannan siffofin su haɗu inda jijiyoyin gani biyu ke gamuwa. Baɗlimus ya riga shi irin wannan gwaji, shi kuma ya faɗaɗa shi, ya rubuta shi dalla-dalla yadda kowa zai iya maimaitawa.

Ya kuma lura idanu ba sa tafiya kowa gabansa. Kamar shanun huɗa ne a karkiya ɗaya: duk inda ɗaya ya juya, ɗayan zai bi daidai gwargwado. Rufe ido ɗaya ka ɗora yatsa a fatarsa, ka kalli dama da hagu, za ka ji shi yana motsi. Sai a 1868 Bajamushe Ewald Hering ya mayar da wannan ƙa'ida, kuma sunansa ta ɗauka. Idan karkiyar ta kwance, shi ne harara-garke. Ɗan yayata ya taso da shi, a gida muka ce zai miƙe da girma. Ashe ƙwaƙwalwar yaro, don gudun gani biyu-biyu, watsi take yi da hoton ido ɗaya, idon ya yi ta rauni. Da ƙyar muka kai shi asibiti yana da shekara shida, kuma har yau ina jin mun makara.

Batun nisa kuwa, Ibn Haisam ya ce hankali ne ke ƙiyasta shi daga ƙasar da ke shimfiɗe tsakaninka da abu, da girman abubuwan da ka saba da su. Ya ba da misalin girgije: mutumin fili na zaton ya yi sama ƙwarai, na ƙasar duwatsu kuwa yana ganinsa ya rufe kan dutse. Mu dai 'yan fili ne. Da rana za ka iya cewa ga nisan motar shanu a hanyar Kwangwalam ranar kasuwa, da dare kuwa, in fitila kaɗai kake hange, sai Allah.

Akwai abin da ya kuɓuce masa fa. Bai gano cewa ɗan bambancin da ke tsakanin hoton idon dama da na hagu shi kansa yana ba mu zurfi ba. Wannan sai a 1838 Charles Wheatstone ya nuna shi a Ingila da madubai biyu. Shi ya sa zura zare a allura da ido ɗaya ke ba da wuya.

Bayan an sake shi ya zauna kusa da masallacin Azhar. An ce da kwafar littattafan lissafi da hannu yake ci, yana kuma koyarwa da rubuta nasa. Ya rasu a Alƙahira wajen 1040. An fassara littafinsa zuwa Latin wajen 1200, aka buga shi a birnin Basel a 1572, fiye da shekara 500 bayan rasuwarsa.