KARL BENZ: MARAYAN DA SUNANSA KE JIKIN MARSANDI

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, wannan karon za mu leƙa ƙasar Jamus ne, mu ɗauko labarin wani mutum wanda da wuya a sami ɗayanmu da bai taɓa shiga motar da ke ɗauke da sunansa ba, ko dai ta alfarma ran ɗaukar amarya, ko kuwa Roka a kan buhunan goro. Mu Hausawa Marsandi muke ce mata, maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo kuwa sun fi cewa Benz. To a nan kam sun fi mu kusa da gaskiya, domin Marsandi sunan wata yarinya ne wadda ba ta taɓa ɗaura ko noti ɗaya a jikin mota ba. Benz shi ne maƙerin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa cikin baƙin mai da bashi kafin mota ta zama mota.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Karl Benz ran 25 ga Nuwamba, 1844, a Mühlburg, wadda yanzu unguwa ce cikin birnin Karlsruhe a kudu maso yammacin Jamus. Ubansa direban jirgin ƙasa ne. A 1846, yaron yana wajen shekara biyu, ciwon haƙarƙari ya kama uban, ya ce ga garinku nan. Aka bar uwar, Josephine, da maraya a hannu, ga rashin abin hannu. Duk da haka matar nan ta ɗaure, ta ce ko za ta kwana da yunwa sai ɗanta ya yi karatu.

Yaro kuwa bai ba ta kunya ba. A 1860, yana ɗan shekara 15, ya ci jarrabawar shiga babbar makarantar fasaha ta Karlsruhe, ya karanta ilimin injuna, ya fito a 1864. Da ya fito bai nemi kujerar ofis ba. Sai ya shiga wata masana'antar ƙera injuna yana guduma da zarto tare da lebura, daga nan ya koma mai zane a masana'antar sikeli a birnin Mannheim, sannan ya yi aiki da wani kamfanin gina gada a garin Pforzheim. Shekara bakwai ya yi yana wannan yawon neman sani. A Pforzheim ɗin ne ya haɗu da wata budurwa, Bertha Ringer, 'yar wani mai hali, wadda za mu ji irin rawar da ta taka.

HAƊIN JARI DA ƊACINSA

A 1871 Benz ya haɗa jari da wani mutum mai suna August Ritter, suka buɗe maƙera a Mannheim. Ba a yi nisa ba abokin ya zama ba abin dogara ba, ciniki ya ƙi, har masu bin bashi suka sa aka riƙe kayan aikinsu. Duk wanda ya taɓa haɗa kuɗi da wani a harkar shanu ko goro ya san irin wannan baƙin cikin. Su Jamusawan wancan zamani suna da al'adar uba ya ba 'yarsa dukiya ta tafi da ita gidan miji, kamar dai gara da kayan ɗaki a wurinmu. Sai Bertha ta karɓi nata tun kafin a ɗaura aure, ta biya Ritter rabonsa, ya kama gabansa. Aka yi aurensu ran 20 ga Yuli, 1872, Allah Ya ba su 'ya'ya biyar, maza biyu mata uku.

Shekarun da suka biyo baya na wahala ne. Benz ya duƙufa wajen ƙera ƙaramin inji mai aiki da iskar gas, kuma sai a daren ƙarshe na shekarar 1879 injin ya tashi ya yi ta aiki bai mutu ba. Amma inji ba ya ƙeruwa sai da kuɗi. Bankuna suka matsa masa, a 1882 aka mai da maƙerar kamfani mai hannun jari, masu kuɗi suka shigo, shi mai ƙirƙirar aka bar shi da kashi 5 cikin 100, ba a ma sauraren shawararsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1883 ya tattara ya bar musu kamfanin.

A wannan shekarar dai ya sami wasu mutum biyu, Max Rose da Friedrich Esslinger, masu shagon gyaran keke a Mannheim, suka kafa kamfanin Benz & Cie. Injunan da suke ƙera wa masana'antu suka karɓu, kuɗi ya fara shigowa, sai Benz ya sami sukunin komawa kan abin da ya daɗe yana ci masa rai, wato keken da zai tafi da kansa ba doki.

MOTA MAI ƘAFA UKU

A 1885 ya gama ta. Ƙafa uku gare ta, biyu a baya ɗaya a gaba, tayoyin masu sifok irin na keke, injin kuwa a baya yake, mai silinda ɗaya, ƙarfinsa bai kai na doki guda ba. Iyakar gudunta wajen kilomita 16 a awa. Ran 29 ga Janairu, 1886, ya shigar da takardar neman hukuma ta shaida cewa ƙirarsa ce, aka ba ta lamba 37435. Wannan takarda ita ake ɗauka a matsayin takardar haihuwar mota mai amfani da fetur. Abin da ya bambanta ta da na sauran masu gwaji shi ne, shi bai ɗauko keken doki ya liƙa masa inji ba, tun daga farko injin da gangar jikin tare ya tsara su.

To amma ƙera abu daban, sayar da shi daban. Mutane suka riƙa kallonta abin dariya, ga ƙara ga hayaƙi, ga firgita dawaki. Shi kuma Benz mutum ne mai tsantseni, kullum gani yake akwai sauran gyara, ba ya son fitar da ita nesa.

Nan ma uwargida ce ta raba gardama. Wata rana da asuba cikin watan Agusta, 1888, mai gida yana barci, Bertha ta tashi manyan 'ya'yanta, Eugen da Richard, babban yana shekara 15, suka tura motar waje a hankali, ta bar masa 'yar takarda, suka kama hanyar Pforzheim gidan mahaifiyarta, tafiyar kilomita 106. Ku tuna fa, babu gidan mai ko ɗaya a duniya, babu gareji, hanyar ma ta dawaki ce. Da mai ya ƙare sai ta tsaya a kantin magani a garin Wiesloch ta sayi wani man goge tufafi dangin fetur, shi ya sa har yau ake kiran kantin gidan mai na farko a duniya. Bututun mai ya toshe, ta zare allurar hularta ta buɗe shi. Waya ta sale, ta naɗe ta da maɗaurin safarta. Katakon birki ya cinye, ta sa baduku ya buga masa fata. In sun zo tudu sai yaran su sauka su tura. Da almuru suka isa, ta buga wa mijin waya ta gidan waya cewa sun sauka lafiya.

Labari ya bazu, kowa ya ga ashe abin nan yana iya tafiya gari ya gari. Shi kuma Benz ya saurari ƙorafin direbarsa ta farko, ya ƙara giyar hawan tudu, ya gyara birki. A shekarar ce kuma wani Bafaranshe, Emile Roger, ya shiga sayar da motocin a birnin Paris.

HAWA DA GANGARA

A 1893 ya warware matsalar sitiyari, ya fito da mota mai ƙafa huɗu mai suna Victoria. A 1894 ya fito da Velo, ƙarama mai sauƙin kuɗi, wadda aka ƙera wajen guda 1,200. A 1895 kamfaninsa ya ƙera bas ta farko mai injin fetur. A 1899 sun ƙera mota 572, babu kamfanin mota a duniya da ya kai su.

Sai dai a can kusa da birnin Stuttgart akwai wani gwanin, Gottlieb Daimler, da abokin aikinsa Wilhelm Maybach, su ma tun 1886 suke nasu ƙoƙarin. Abin mamaki, ga su a yanki ɗaya, sana'a ɗaya, amma Benz da Daimler ba su taɓa zama tare ba har Daimler ya mutu a 1900. Wani attajiri ɗan ƙasar Ostiriya mazaunin birnin Nice na Faransa, Emil Jellinek, mai son tseren mota, ya ce wa kamfanin Daimler su ƙera masa mota doguwa, mai kwanciya ƙasa, mai gudu, zai sayi 36 a tashi ɗaya, da sharaɗin a sa mata sunan 'yarsa Mercedes. A tseren Nice na watan Maris, 1901, motar nan mai ƙarfin doki 35 ta bar kowa a baya. Kun ji asalin sunan Marsandi.

Masu kuɗi suka juya can. Benz ya kafe, shi a wurinsa mota ta yi ƙarko ta kai mutum gida lafiya ya fi gudu, tsere kuwa wasa da rai ne. Ciniki ya faɗi, abokan jarinsa suka ɗauko injiniyoyi daga Faransa ba da son ransa ba, a 1903 ya yi fushi ya ajiye aiki, ko da yake daga baya ya dawo cikin majalisar masu sa ido kan kamfanin. A 1906 ya koma garin Ladenburg, inda suka kafa wani ƙaramin kamfanin mota da 'ya'yansa. A 1914, ran da ya cika shekara 70, tsohuwar makarantarsa ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko tattalin arzikin Jamus ya durƙushe, kuɗinsu ya zama takarda. Dole ta sa kishiyoyin biyu suka haɗe ran 28 ga Yuni, 1926, aka sami kamfanin Daimler-Benz, motocin kuma aka sa musu Mercedes-Benz. Tauraron nan mai tsini uku na Daimler ne, yana nufin injunansu a tudu da ruwa da sama, zoben ganyen da ke kewaye da shi a tambarin kuwa na Benz ne. Karl Benz ya mutu a Ladenburg ran 4 ga Afrilu, 1929, yana da shekara 84. Ita ma Mercedes mai sunan a shekarar ta mutu. Bertha kuwa sai 1944, tana da shekara 95.

ABIN DA MASU ITA SUKA GANI

Ƙarkon nan da Benz ya nace a kai har ya jawo masa asara, shi ne daga baya ya zama abin da masu Marsandi suka fi yabo. Samfurin da aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, irin su 200 da 230, an yi wajen miliyan 2.7, kuma har yau akan ci karo da su a kan hanya. Wani direban tasi a ƙasar Girka ya yi tafiyar kilomita miliyan 4.6 da tasa mai shan gas, a 2004 aka karɓe ta aka kai gidan tarihin kamfanin.

A nan gida, manya sun hau ta tun da daɗewa. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a ciki ran 13 ga Fabrairu, 1976, Allah Ya ji ƙansa, an ajiye ta a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Ikko. Bayan nan aka yi yayin Bi-but da Bebi Benz, har ya zama in an ce wane ya sayi Marsandi an gama bayanin arzikinsa. Amma mu mazauna kurmi, wadda ta fi yi mana hidima ita ce 911 mai gajeren hanci, wato Roka. Ita ta ɗauki goro daga Shagamu zuwa Kano da Sakkwato, ta juyo da albasa da wake da shanu, a kan ƙashinta aka gina yawancin motocin molue da suka yi zamani a Ikko, kuma daga farkon shekarun 1980 an riƙa harhaɗa manyan motocin Marsandi a kamfanin ANAMMCO da ke Inugu. Tsofaffin direbobinmu za su gaya muku dalilin son ta: injinta a fili yake, bakanike na bakin hanya zai kwance shi ya ɗaura, ga jure lodi da ramuka. Gidaje nawa aka gina a Sabo, kujerun Makka nawa aka biya, da guminta?

To zamani ya juya. Motocin alfarma na yanzu, ko na wane kamfani ne, cike suke da waya da na'ura, sai an jona kwamfuta kafin a san ciwonsu, kayan gyaransu kuma ba arha. Bakaniken da bai iya karatu ba yana ji yana gani aiki zai wuce shi.

Nan ne tarihin mutumin nan ya shafe mu. Benz ya yi makaranta, sannan ya tsuguna ya koyi aikin hannu, da ya rasa ɗaya daga ciki da ba mu san sunansa ba. Mu kuwa a unguwanninmu mun raba su biyu: yaron da ya yi boko yana ƙyamar baƙin mai, wanda aka kai gareji kuma an cire shi daga makaranta tun yana firamare. Ga samari da yawa kowa burinsa ya riƙe makullin Marsandi, ba mai son sanin abin da ke ƙarƙashin bonet. Muna kira ga iyaye, duk yaron da aka ga hannunsa na son ƙarfe, a bar shi ya gama sakandare, a nema masa makarantar koyon sana'a, ran hutu ya tafi gareji. Masu garejinmu su ma su riƙa sakin yaransu lokacin darasi. Uwar Benz ba ta da komai ta yi wannan, mu da muke da ƙungiya da asusu ba mu da uzuri.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya kiyaye direbobinmu a kan hanya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.