William Morris: Ɗan hayan da ya koya wa Ingila riƙon tsohon gini

A ƙauyen Kelmscott da ke lardin Oxfordshire na ƙasar Ingila, kusa da gaɓar kogin Tems, akwai wani gidan dutse da wasu manoma masu hali, iyalan Turner, suka gina a wajejen ƙarshen ƙarni na 16. An ƙara masa wani sashe a ƙarni na 17. Da dutsen farar ƙasa na yankin aka ɗaga bangonsa, rufinsa kuma faifan dutse ne da aka jera, manya daga ƙasa, ƙanana zuwa sama. A yau gidan yana aji na ɗaya cikin gine-ginen da dokar Ingila ta ba kariya. Mutumin da sunansa ya manne wa gidan, William Morris, bai taɓa mallakarsa ba. Shekara 25 ya yi yana biyan haya.

An haifi Morris ranar 24 ga Maris, 1834 a Walthamstow, kusa da Landan, a gidan wadata. Ya shiga jami'ar Oxford da niyyar zama limamin coci, amma sha'awar tsofaffin gine-gine ta juya masa hanya. A 1856 ya fara koyon aiki a ofishin mai zanen gini George Edmund Street, inda ya haɗu da Philip Webb, wanda ya zama amininsa har mutuwa. Bai jima a can ba. A 1859 ya auri Jane Burden, a 1861 kuma ya haɗa kai da abokansa suka kafa kamfanin kayan ƙawata gida: tagogin gilashi masu launi, kujeru, yadudduka da takardar bango.

A 1871 shi da mai zane Dante Gabriel Rossetti suka ɗauki hayar gidan Kelmscott domin hutun bazara. Rossetti ya bar wurin a 1874, Morris ya ci gaba da riƙo. Abin da ya burge shi shi ne yadda magina na ƙauye suka yi aikin da kayan da ke kusa da su, har ginin ya saje da ƙasar da yake kai. Daga lambunsa da itatuwan bakin rafi ya samo da yawa cikin zanen furanni, ganyaye da tsuntsaye da suka yi wa kamfaninsa suna.

A wancan zamani ana ta aikin da ake kira maido da coci-coci asalinsu. Masu aikin sukan kankare bango, su cire abin da al'ummomin baya suka ƙara, su sake gina wurin yadda suke zaton ya kasance tun farko. Morris ya ɗauki wannan a matsayin jabu, domin ginin yakan fito fes amma shaidar shekarunsa ta tafi. A watan Maris na 1877, da ya ji shirin irin wannan aiki a babbar cocin Tewkesbury ƙarƙashin George Gilbert Scott, ya rubuta wa wata mujalla takardar ƙorafi. A wannan shekara shi da Webb da wasu suka kafa Ƙungiyar Kare Tsofaffin Gine-gine, wadda aka fi sani da SPAB.

Ƙa'idar ƙungiyar mai sauƙin fahimta ce. A riƙa duba gini a kai a kai, a toshe yoyo tun yana ƙarami, a tallafi bangon da ya karkata, kada a jira sai ya lalace sannan a rushe a sake. Idan dole ta sa an ƙara sabon abu, a bar shi a gane shi sabo ne. Morris ya biya kuɗin wannan ra'ayi daga aljihunsa: ya sanar cewa kamfaninsa ya daina yi wa tsofaffin coci-cocin da ake sake wa fasali tagogi, alhali wannan kasuwa ce mai kawo masa riba. A 1879 ƙungiyar ta kai kokenta har Italiya kan shirin sake gina fuskar cocin San Marko da ke Venis.

Morris ya rasu a Landan ranar 3 ga Oktoba, 1896, yana da shekara 62. A keken gona aka ɗauko gawarsa daga tashar jirgin ƙasa zuwa maƙabartar cocin Kelmscott, Webb kuma ya tsara dutsen kabarinsa. Bai ga dokar da ta dace da burinsa ba, domin dokar 1882 ta fi karkata ga kufai na tun kafin tarihi. Sai a dokar tsara birane ta 1947 tsarin rajistar gine-ginen tarihi ya kafu sosai, daga baya kuma ya zama laifi a taɓa fasalin gini mai rajista ba tare da izinin hukuma ba.

Matarsa Jane ta sayi gidan a 1913. 'Yarsu May ta zauna cikinsa har rasuwarta a 1938, ta bar wa jami'ar Oxford wasiyyarsa. A 1962 ya koma hannun Ƙungiyar Masana Kayan Tarihi ta Landan yana buƙatar gyara mai yawa, aka ceto shi. An sake buɗe shi ga maziyarta a 2022 bayan wani babban aikin gyara. Ƙungiyar SPAB kuwa tana nan, tana horar da magina da masu zanen gini, kuma doka ta wajabta a sanar da ita kafin a rushe wani gini mai rajista a Ingila.