Tarihin Marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina

A ƙasar Hausa, tun zamanin kaka da kakanni, makaɗi yakan nemi ubangida ya raɓa da shi, ko sarki ko hakimi, ya ci a inuwarsa, ya yi masa waƙa har ƙarshen rai. Marigayi Alhaji Mamman Shata bai bi wannan hanya ba. Ya zama mawaƙin jama'a, duk inda aka yi taron biki ko na suna ko naɗin sarauta, nan ce fadarsa.

An haifi Shata a garin Musawa cikin lardin Katsina a shekarar 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, saboda haka da yaron ya fara waƙa a dandali, mahaifin bai ji daɗi ba, domin a wancan zamani ana ganin waƙa roƙo ce, roƙo kuwa sai wanda ya gada. Ya yi tallan goro da na alewa, amma hankalinsa yana wurin kalangu, kuma faɗa da horo ba su raba shi da waƙa ba.

Da ya bar gida sai ya zauna a Bakori, wurin Abdullahi Inde, wani ɗan sarautar Musawa. Daga nan ya shiga yawon garuruwan Katsina da Kano. A shekarar 1952 aka yi babban bikin nan na 'ya'yan sarki a Kano, inda ya yi wasan da ya ɗaukaka sunansa. A 1960 ya koma Funtuwa, ya mai da ita gida har kusan shekara 40.

Abin da ya bambanta Shata da makaɗan fada shi ne yadda yake gina waƙa. Makaɗan kotso da na taushi sukan zauna su tsara waƙa su bita kafin su kai ta gaban sarki. Shi kuwa sai ya ba 'yan amshinsa amshi guda gajere, masu kalangu su ɗauka, sa'an nan ya yi ta zuba ɗiyan waƙa nan take, gwargwadon wanda ya gani a filin da abin da ya ji. Wannan ne ya sa ba a iya ƙididdige yawan waƙoƙinsa. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai da direbobi da dogarai, ya yi wa mata. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa zuciya, kuma da Amurka ta aika da kumbon Apollo 11 duniyar wata a 1969, bai bar wannan labari ya wuce shi ba.

Harshensa yana da kaifi. Wanda ya yaba ya ɗaukaka, wanda ya yi wa zambo kuwa sai ya ji kunyar shiga kasuwa. Wasu malamai sun soki waɗansu waƙoƙinsa, amma shi ne kuma ya yi waƙar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda jama'a suka riƙe.

Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, sa'an nan a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Sana'ar da aka hana shi yana yaro ita ce ta kai shi gaban shehunan malamai.

Allah ya yi masa rasuwa a asibiti a Kano ran Juma'a 18 ga watan Yuni, 1999. Aka kai shi Daura, garin masoyinsa Sarki Muhammadu Bashar, aka yi masa sutura a can. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.