Mason Sones: Likitan da kuskure ya sa ya fara ganin cikin jijiyoyin zuciya

A manyan asibitocin duniya a yau, ana ɗaukar hoton zuciyar mutum da na'urar CT, sannan kwamfuta ta auna kitsen da ya taru a jijiyoyinsa, ta taimaka wa likita wajen hasashen ko yana cikin haɗarin bugun zuciya. Tushen wannan aiki yana komawa ne ga wani likita ɗan Amurka mai suna Frank Mason Sones, wanda ya rasu a shekarar 1985. Shi ne ya fara ɗaukar hoton jijiyoyin da ke ciyar da zuciya da jini ɗaya bayan ɗaya a jikin mai rai, kuma kuskure ne ya buɗe masa ƙofar.

Tasowarsa

An haifi Sones ranar 28 ga Oktoba, 1918, a wani ƙaramin gari mai suna Noxapater a jihar Mississippi. Ya kammala karatun likita a Jami'ar Maryland a 1943, lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, don haka ya yi aikin soja a yankin tekun Pasifik. Bayan yaƙin ya samu horo a Asibitin Henry Ford da ke Detroit, inda ya koyi yadda ake zura siririn bututu ta jijiya har ya kai zuciya. A 1950 ya koma Cleveland Clinic a jihar Ohio, inda ya fara da duba yara masu ciwon zuciya na haihuwa, kuma a can ya ƙare rayuwarsa ta aiki.

A wancan zamani zura bututu cikin zuciya ba sabon abu ba ne. Tun 1929 wani likitan Jamus, Werner Forssmann, ya gwada hakan a jikinsa. Amma akwai wurin da likitoci ke shakka, wato ƙananan jijiyoyin da suka kewaye zuciya suna kai mata jini. Toshewarsu ce ke jawo ciwon ƙirji da mutuwar farat ɗaya. An yi imani cewa idan aka zuba musu ruwan rinin da ke sa jijiya ta fito a hoto kai tsaye, zuciya za ta rikice, majiyyaci ya mutu nan take. Saboda haka likita yakan dogara ne da abin da mara lafiya ya faɗa da kuma gwajin lantarkin zuciya. Sau da yawa ba a sanin gaskiyar lamarin sai an yanka gawa.

Ranar da bututu ya zame

Ranar 30 ga Oktoba, 1958, an kawo wa Sones wani matashi ɗan shekara 26 da ciwo ya lalata masa ƙofofin zuciya. Niyyarsa ita ce a zuba rini a babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya domin a ga yadda ƙofar ke aiki. Sones yana ƙasa da gadon, cikin wani rami da aka tanada don kallon hoton, ya ba mataimakinsa umarnin ya tura rinin. Ashe bakin bututun ya zame ya shige jijiyar zuciya ta dama. Kafin a ankara, rini mai yawa ya kwarara ciki.

Sones ya fito daga ramin a guje, yana shirin tsaga ƙirjin matashin ya matsa zuciyar da hannu. Zuciyar ta tsaya na ɗan lokaci, amma ba ta shiga rikicewar da ake tsoro ba. Da yake matashin bai suma ba, sai Sones ya sa shi ya yi ta tari da ƙarfi, zuciyar ta ci gaba da bugawa. Ya rayu, kuma hoton jijiyar ya fito sarai.

Wani likitan zai iya gode wa Allah ya rufe maganar. Sones kuwa lissafi ya yi: idan zuciya ta jure wannan yawan rini, to kaɗan da aka tsarma ba zai yi lahani ba. Ya ƙera bututu mai siririn baki da ake shigarwa ta jijiyar hannu, ya yi aiki da kamfanonin Philips da Kodak don inganta haske da fim, ta yadda za a ɗauki hoton jijiya mai motsi kamar na silima. Bai yi gaggawar shelantawa ba. Sai a 1962, bayan ya gwada a kan majiyyata fiye da 1,000, shi da abokin aikinsa Earl Shirey suka wallafa cikakken bayanin hanyar.

Daga hoto zuwa hasashe

Abin da ya fi ɗaga darajar Sones shi ne adana bayanai. Kowane fim ana ajiye shi tare da tarihin mai shi, kuma ana bin diddigin abin da ya faru da mutumin daga baya. A 1966 shi da William Proudfit da Shirey suka kwatanta hotunan majiyyata 1,000 da abin da likitoci suka zata tun farko. Sakamakon ya nuna cewa da dama daga cikin waɗanda aka ce suna da toshewar jijiya lafiyarsu ƙalau. Wasu an hana su aiki mai nauyi, an jefa iyalansu cikin fargaba, a kan cutar da ba su da ita.

A 1973 kuma, tare da Albert Bruschke da Proudfit, ya fitar da nazari kan mutum 590 da ba a yi wa tiyata ba, waɗanda aka bi rayuwarsu tsawon shekara biyar zuwa tara. Nazarin ya tabbatar da cewa haɗarin mutuwa yana ƙaruwa gwargwadon yawan jijiyoyin da suka toshe, kuma yana tsananta idan babbar jijiyar hagu ce ta kamu ko tsokar zuciya ta yi rauni. Daga nan likita ya samu ma'aunin da zai tantance wa ke buƙatar tiyata da gaggawa, wa kuma magani zai wadatar.

Waɗannan finafinai ne wani likitan tiyata ɗan Ajantina, René Favaloro, ya riƙa zama yana nazari bayan tashi daga aiki. A watan Mayun 1967 ya ciro jijiya daga ƙafar wata majiyyaciya ya yi wa jini sabuwar hanya ta kewaye wurin da ya toshe. Shekara goma bayan haka, a 1977, Andreas Grüntzig ya buɗe toshewar jijiya da ƙaramar balan-balan a birnin Zurich na Siwizalan. Babu ɗayansu da zai yiwu ba tare da an fara ganin inda toshewar take ba.

Halinsa da rasuwarsa

An san Sones da kaifin harshe da rashin ɓoye ra'ayi, ga kuma aiki ba dare ba rana. Amma yana da rauni ɗaya babba, wato sigari. Abokan aikinsa sun ba da labarin yadda yakan riƙe karan sigari da hantsakin tiyata a ɗakin aiki don kada ya ɓata safar hannunsa. A 1978 ya zama shugaban farko na ƙungiyar likitocin wannan fanni a Amurka, sannan a 1983 aka ba shi lambar yabo ta Lasker.

Ya rasu a ƙarshen watan Agusta na 1985 sakamakon sankarar huhu, yana da shekara 66. A cikin wannan shekarar ce kuma fannin ya rasa Grüntzig a hatsarin jirgin sama, da Melvin Judkins wanda ya sauƙaƙa aikin ta hanyar shigar da bututu ta cinya, da Charles Dotter wanda ya fara buɗe toshewar jijiyar ƙafa da bututu.

Inda aikin ya kai

Hanyar Sones tana da iyaka. Hoton yana nuna hanyar da jini ke bi ne kawai, ba ya nuna abin da ke cikin bangon jijiya, alhali bugun zuciya yakan taso daga tarin kitsen da bai toshe hanya sosai ba amma ya fashe. Haka kuma likitoci biyu suna iya kallon fim ɗaya su saɓa kan girman toshewar.

Waɗannan giɓi ne ake ƙoƙarin cikewa yanzu. A 1990 Arthur Agatston ya fito da ma'aunin sinadarin kalsiyam da ke taruwa a jijiyoyin zuciya ta hoton CT. A yau manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna auna yawan kitsen da nau'insa, wasu ma suna ƙiyasta yadda jini ke gudana, ba tare da an zura wa mutum bututu ba. Ana horar da su ne ta hanyar haɗa dubban hotuna da sakamakon abin da ya samu masu su, tsarin da Sones ya bi da idonsa da rumbun finafinansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce toshewar jijiyoyin zuciya ce kan gaba wajen kashe mutane a duniya. Har yanzu idan hoton CT ya nuna matsala mai tsanani, ɗakin zura bututu ake tura majiyyaci, a zuba rini a jijiyar da aka taɓa cewa ba a taɓa ta.