Ian Fleming: Hadimin da ya ƙirƙiro James Bond, da jarumai biyu da suka raba gadonsa

A shekarar 1983 fina-finan James Bond guda biyu suka fito, wata huɗu tsakaninsu. A watan Yuni aka saki Octopussy, wanda Roger Moore ya ja ragamarsa. A watan Oktoba kuma Sean Connery ya dawo da Never Say Never Again, shekara 12 bayan fitowarsa ta ƙarshe a matsayin Bond. Jaridu suka yi ta auna jaruman biyu, masu kallo suka rabu gida biyu. Mutumin da ya haddasa wannan karo kuwa ya shekara 19 a kabari a lokacin. Shi ne Ian Fleming, marubucin da ya ƙago ɗan leƙen asirin mai lamba 007, wanda wani kuskure da ya yi a kan haƙƙin mallaka ya buɗe ƙofar da fim na biyun ya shigo ta cikinta.

An haifi Ian Lancaster Fleming a birnin Landan ranar 28 ga Mayu, 1908, a gidan wadata. Kakansa, Robert Fleming, ɗan Sikotland ne da ya kafa banki. Mahaifinsa, Valentine Fleming, ɗan majalisar dokokin Birtaniya ne, kuma an kashe shi a fagen daga a Faransa a watan Mayun 1917, saura kwana takwas Ian ya cika shekara tara. Winston Churchill ne ya rubuta ta'aziyyarsa a jaridar The Times. Yaron ya tashi a inuwar mutum biyu: uban da ya mutu gwarzo, da wansa Peter, wanda ya yi fice a karatu, daga baya ya zama sanannen marubucin labaran tafiye-tafiye.

Ƙuruciyar Ian ba ta nuna alamar zai zama wani abu ba. A makarantar Eton ya yi suna a guje-guje da tsalle-tsalle, amma a aji bai taka rawar a zo a gani ba. Ya shiga kwalejin horar da hafsoshin soja ta Sandhurst, ya bar ta a 1927 ba tare da an ɗaura masa anini ba. Mahaifiyarsa ta tura shi Ostiriya, daga nan ya yi ɗan karatu a Munich da Geneva, inda ya gyara Jamusancinsa da Faransancinsa. Ya zauna jarrabawar shiga Ma'aikatar Harkokin Waje, makinsa bai kai a ɗauke shi ba. A 1931, da sa bakin mahaifiyar tasa, ya sami aiki a kamfanin dillancin labarai na Reuters. Nan ya koyi rubuta jimla gajera mai ɗauke da bayani, cikin sauri, kafin lokaci ya ƙure. A 1933 aka aike shi Mosko ya ɗauko rahoton shari'ar injiniyoyin Birtaniya shida na kamfanin Metropolitan-Vickers, waɗanda Tarayyar Sobiyet ta zarga da leƙen asiri da zagon ƙasa. Daga baya danginsa suka matsa masa ya koma harkar banki da dillancin hannun jari, sana'ar da bai iya ba, bai kuma so ba.

Ɗaki mai lamba 39

A watan Mayun 1939, yayin da guguwar Yaƙin Duniya na Biyu ke tasowa, Admiral John Godfrey, Daraktan Leƙen Asiri na Rundunar Sojan Ruwan Birtaniya, ya ɗauki Fleming a matsayin mataimakinsa na musamman. Yana da shekara 31, kuma ba shi da wata gogewa a aikin. Teburinsa na cikin ɗaki mai lamba 39 a hedikwatar rundunar, dab da ƙofar maigidansa. Godfrey mutum ne mai kaifin basira, amma mai zafin rai, wanda bai iya lallashi ba. Saboda haka Fleming ne ake turawa ya daidaita da sauran hukumomin tsaro da ofishin Firayim Minista. Shi ke tsara wasiƙu, shi ke halartar taruka a madadin maigida, shi ke sanin wanda za a kira idan fayil ya maƙale. Ya kai muƙamin kwamanda, muƙamin da daga baya ya bai wa Bond.

Daga wannan tebur shawarwari da dama suka fito. Wata takarda da ta fita da sunan Godfrey a 1939, wadda masana tarihi ke ganin hannun Fleming a cikinta, ta jero dabarun yaudarar abokan gaba, ciki har da jefar da gawa ɗauke da takardun bogi inda maƙiya za su tsinta. An aiwatar da irin wannan dabara a 1943 a gaɓar tekun Sifen, domin kawar da hankalin Jamus daga shirin mamaye tsibirin Sisili. A 1941 ya raka Godfrey Amurka, inda ya taimaka wa William Donovan da rubutaccen tsari na kafa hukumar leƙen asiri. A 1942 ya kafa wata runduna ta musamman, 30 Assault Unit, wadda aikinta shi ne bin sahun sojojin gaba tana kwashe takardun sirri da na'urorin maƙiya. Shi kansa bai shiga fagen fama ba. Harin Dieppe na watan Agustan 1942 daga cikin jirgin ruwa ya hango shi. Wasu ya aika inda ake ɓarin wuta, shi yana Landan yana karɓar rahoto.

Bayan yaƙi ya zama manajan wakilan ƙasashen waje na kamfanin jaridun Kemsley, mai jaridar Sunday Times. Sharaɗin da ya gindaya shi ne a ba shi dogon hutu duk hunturu, wanda yake yi a gidan da ya gina a Oracabessa, a arewacin Jamaika, ya raɗa masa suna Goldeneye. A can, a watan Fabrairun 1952, ana saura 'yan makonni ya auri Ann Charteris, ya fara rubuta Casino Royale. Sunan jarumin ya aro shi ne daga wani Ba'amurke masanin tsuntsaye, James Bond, wanda littafinsa kan tsuntsayen yankin Karebiyan ke ajiye a gidan. Ya so suna lami, marar ado. Littafin ya fito a watan Afrilun 1953. Daga nan ya ɗauki ƙa'ida: kalma kusan 2,000 a kowace rana, littafi ɗaya a kowane hutu. Jimilla ya bar ƙagaggun labarai 12 da kundin gajerun labarai biyu na Bond.

Bond na cikin littafi ma'aikacin gwamnati ne. A Moonraker, wanda ya fito a 1955, Fleming ya nuna shi yana zuwa ofis kullum, yana karanta fayiloli, yana cin abinci a kantin ma'aikata, albashinsa fam 1,500 a shekara, aikin fita waje kuwa sau biyu ko uku ne a shekara. Shugabansa, wanda ake kira M, mutane da yawa na ganin Godfrey ne aka sake wa suna. Littattafan sun sha suka tun a wancan zamani saboda tashin hankali da batsa da fifita masu hali. Yadda Live and Let Die na 1954 ya siffanta baƙar fata ya yi muni har ta kai a 2023 masu haƙƙin littattafan suka sake buga su bayan sun cire wasu kalmomi. Duk da haka kasuwa ta karɓe su, musamman bayan da mujallar Life ta wallafa a watan Maris na 1961 cewa From Russia, with Love na cikin littattafan da Shugaba John Kennedy ya fi so.

Kuskuren da ya biyo shi

A 1959 Fleming ya haɗa kai da wani mai shirya fim, Kevin McClory, da marubucin fim Jack Whittingham, suka tsara labarin wani fim na Bond. Fim ɗin bai yiwu ba. Fleming ya ɗauki labarin ya mayar da shi littafi mai suna Thunderball, ya buga a 1961 da sunansa shi kaɗai. Mutumin da ya shekara shida yana rubuta takardun da ke fita da sunan wani, ya manta cewa a wajen ofishin gwamnati aikin haɗin gwiwa na da masu shi. McClory ya garzaya kotu. A watan Afrilun 1961 ciwon zuciya ya kwantar da Fleming, wanda ya daɗe yana shan taba har kara 70 a rana, ga kuma barasa. A jinyar nan ne ya rubuta wa ɗansa Caspar labarin yara, Chitty-Chitty-Bang-Bang. An saurari shari'ar a Babbar Kotun Landan a watan Nuwambar 1963, aka ƙare da sulhu: McClory ya sami haƙƙin yin fim da labarin.

A tsakanin nan ne furodusoshi biyu, Albert Broccoli da Harry Saltzman, suka sayi damar mayar da sauran littattafan fim. Suka zaɓi Sean Connery, wanda aka haifa a 1930 a wata unguwar talakawa ta Edinburgh. Mahaifinsa direban babbar mota ne, mahaifiyarsa tana aikin shara da goge-goge. Shi kansa ya yi rabon madara gida-gida, ya yi sojan ruwa, ya yi aikin goge akwatunan gawa. Da farko Fleming bai gamsu ba, don yana ganin saurayin ba shi da wayewar da ta dace da jaruminsa. Darakta Terence Young ne ya kai Connery wurin tela, ya koya masa zama da tashi irin na manya. Da Dr. No ya fito a watan Oktoban 1962 ya samu karɓuwa, sai marubucin ya sauko. A littafin You Only Live Twice na 1964 ya bayyana cewa mahaifin Bond ɗan Sikotland ne.

Fina-finai biyu kaɗai Fleming ya gani. Ya rasu a Canterbury ranar 12 ga Agusta, 1964, yana da shekara 56, ranar da Caspar ya cika shekara 12. Wata guda bayan nan Goldfinger ya fito, fim ɗin da ya mayar da Bond hajar duniya.

Connery da Moore

Connery ya yi wa kamfanin Broccoli da Saltzman fina-finai shida tsakanin 1962 da 1971. Bond ɗinsa mutum ne da ake jin tsoro ko da yana murmushi. Kwat ɗin ta zauna masa, amma mai kallo na ganin ƙarfin da ke ƙarƙashinta. Damben da ya yi da Robert Shaw a cikin ƙuntataccen ɗakin jirgin ƙasa, a From Russia with Love na 1963, har yau ana kafa misali da shi. Sai dai rawar ta gundure shi. Ya yi ta rigima da furodusoshi kan kuɗi, ya tafi bayan fim na biyar, aka gwada George Lazenby sau ɗaya a 1969, sannan aka lallaso shi ya dawo a 1971 kan dala miliyan 1.25, kuɗin da ya zuba a asusun tallafa wa ilimi a Sikotland.

Roger Moore, ɗan wani ɗan sanda daga kudancin Landan, ya girmi Connery da shekara uku. An haife shi a 1927, kuma ya riga ya yi suna a shirin talabijin na The Saint kafin ya karɓi rawar a 1973 yana da shekara 45. Ya yi fina-finai bakwai, na ƙarshe a 1985 yana da shekara 57. Moore ya fahimci cewa ɗan leƙen asirin da kowane mai otal ya san sunansa abin dariya ne, don haka ya taka rawar da raha, yana ɗaga gira ɗaya inda Connery zai dunƙule hannu. Mutum ne da ba ya son bindiga, kuma sai da aka sha fama da shi kafin ya yarda ya yi fitowar da Bond ke ture motar wani makashi daga kan dutse a For Your Eyes Only na 1981. A zamaninsa fina-finan suka koma na iyali, har Bond ya je sararin samaniya a Moonraker na 1979.

Idan aka auna su da littattafan, kowannensu ya ɗauki wani ɓangare ya bar saura. Connery ya ɗauki rashin imanin Bond da haɗarin da ke tattare da shi, kuma ta nan ya fi kusa da abin da Fleming ya rubuta. Moore ya ɗauki ladabi da iya magana da son jin daɗi, waɗanda suka fi kama da halin Fleming kansa, ɗan Eton mai son kulob da wasan golf. Ɓangare na uku, wato ma'aikacin da ke jiran fayil, mai gajiya, mai fargabar ranar da za a ce lafiyarsa ta gaza, babu wanda ya ɗauka a cikinsu, alhali shi ne wanda marubucin ya sani da idonsa.

Karon 1983 ya samo asali ne daga sulhun 1963. Da wa'adin da McClory ya amince ya dakata ya ƙare, sai ya sake ɗauko labarin Thunderball, aka ba shi sabon suna, aka ɗauko Connery. Fina-finan biyu duk sun ci kasuwa, amma na Moore ya fi tara kuɗi. Jaruman biyu kuwa abokai ne, ba su ɗauki gasar da zafi ba. Connery ya ci gaba ya lashe kyautar Oscar a 1988 da fim ɗin The Untouchables, ya rasu a Bahamas a watan Oktoban 2020 yana da shekara 90. Moore ya zama jakadan Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, aikin da ya fifita a kan duk fina-finansa, ya rasu a Suwizalan a watan Mayun 2017 yana da shekara 89.

Fleming bai kai ko kusa da wannan tsawon rai ba, kuma arzikin da Bond ya tara galibi bayansa ya zo. Caspar, ɗansa tilo, ya rasu a 1975 yana da shekara 23. Matarsa Ann ta bi su a 1981. Su ukun suna kwance wuri guda a maƙabartar cocin ƙauyen Sevenhampton, kusa da garin Swindon.